Kafin Ku Jona Amfilifaya a Batirin Sola

Ƙannena, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka yi kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana tasu tun Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura musu. Shi ya sa yau duk unguwar da mutum ya ratsa, daga Kano har Maraɗi, sai ya ga fanel a kan rufi. Da wuta ta zauna a gida kuwa, sha'awa sai ta motsa. Saurayin da ya daɗe yana sauraro ta 'yar sifikar waya sai ya fara mafarkin amfilifaya ta gaske da sifikoki biyu na kirki, irin waɗanda za su fito masa da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos kamar a gabansa ake kaɗawa, ko su kawo masa muryar mai karatun Alƙur'ani da numfashinta.

Sha'awar ba laifi ba ce. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kayan sauti na gida cinsu kaɗan ne ƙwarai, amma ba sa yafe wa wuta mai datti. Wanda ya gane haka zai kashe kuɗi kaɗan ya samu sauti mai daɗi. Wanda bai gane ba zai tara manyan kaya, ya ƙare da ƙugi a kunne da mataccen batir.

Lissafi kafin kasuwa

Ku fara da ƙin yarda da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Idan kun ga 3000W ko 5000W, kusa da ita an sa PMPO, wannan lambar talla ce, babu wani ma'aunin da masana suka amince da shi a bayanta. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka sa wa RMS, ita ce ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa ta ɗore. Ku juya bayan na'urar kuma, kusa da inda wayar wuta ta shiga, za ku ga iyakar abin da take ja daga soket. Abin da ya fi duka shi ne ku nemi 'yar mitar nan da ake cusawa tsakanin soket da fulogi, ku kunna kayanku yadda kuka saba ji, ku karanta da idonku.

Abin da za ku gani zai ba ku mamaki. Sifika tana da lambar da ke nuna yadda take mayar da wuta sauti. Yawancin na gida suna tsakanin desibel 85 da 91, ma'ana ƙarar da suke bayarwa ke nan daga wat 1 tak, idan mai sauraro yana nesa da mita 1. Desibel 88 ƙara ce da za ta hana mutum biyu hira a natse. Ke nan a ɗaki madaidaici, yawancin sauraro bai wuce wat 1 zuwa 5 ba, sauran ƙarfin amfilifaya ajiya ne don lokacin da ganga ta buga da ƙarfi. Akwai ƙa'ida kuma: duk ƙarin desibel 3 yana neman ninkin wuta. Sifika mai 91 tana bukatar rabin abin da mai 88 ke bukata, mai 85 kuwa ninki biyu. Saboda haka zaɓen sifika mai sauƙin motsawa shi ne tattalin batir na farko, tun kafin a zo maganar fanel.

Sai irin amfilifayar kanta. Masu ƙera su sun kasa su aji-aji. 'Yar ajin A tana jan wuta iri ɗaya ko ana kiɗa ko an yi shiru, mafi yawan abin da ta ja kuma zafi yake zama. Wadda ke ba da wat 25 a kowane ɓangare takan ja wat 150 zuwa 200 ba hutawa. Masu kwalba, irin na zamanin kakanni da har yau ake ƙerawa ana sayarwa da tsada, su ma haka suke, domin dole kwalaben su kasance da zafi muddin a kunne suke. 'Yar ajin AB, wadda ita ce yawancin Sony da Pioneer da Yamaha da Kenwood da ke zuwa gwanjo, tana da matsakaicin ci. 'Yar ajin D kuwa tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ta ja zuwa wutar da ke motsa sifika, ba ta zafi sosai, kuma na yanzu sun yi kyan da kunne ba zai raina ba. Ga mai dogaro da batir a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ajin D ko AB ne abokin tafiya.

Bari mu buga misali. A ɗauka amfilifaya 'yar ajin AB tana jan wat 50 a sauraron yau da kullum, na'urar da ke ba ta kiɗa tana jan 10. Jimla 60. Awa 4 na dare sun zama wat-awa 240, wato ƙasa da rubu'in yunit ɗaya na mitar NEPA. Amma akwai mai ci a ɓoye, ita ce inbata. Babbar inbata mai 3kVA ko 5kVA takan ci wat 30 zuwa 50 don kawai tana kunne, ko ba a jona mata komai ba. Idan muka ɗauki 40, awa 4 sun ƙara 160, lissafi ya koma 400. Da a ce 'yar ajin A ce, amfilifayar kaɗai za ta lashe 800. Wannan lissafin da biro da takarda shi ne zai gaya muku girman batir da fanel da kuke bukata. Kada ku bar wa mai shago shi, domin shi abin da ke kan kantarsa yake so ya fita.

Inbata ita ce uwar tafiya

Batir yana ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya. Wutar soket kuwa kai-komo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa a ƙasashenmu, a kan bolt 220 zuwa 230. Aikin inbata shi ne ta mayar da ta farko ta biyu, kuma a nan ne ake rabuwa. Inbatar kirki tana sa wutar ta hau a hankali ta sauka a hankali kamar gangaren tudu. Mai araha kuwa tsalle take sa ta, kamar matakalar bene: ta tashi tsaye, ta dakata, ta faɗo tsaye. A jikin ta farko za ku ga an rubuta pure sine wave, a jikin ta biyu modified sine wave, ko kuma a yi shiru ba a rubuta komai ba, wanda shi ma amsa ce. Masu ƙera ta farko sukan ce gurɓatar wutarta bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Na ta biyu yana kusan kashi 30 zuwa sama.

Waɗannan kusurwoyi masu kaifi su ne ke shiga taransifomar da ke cikin amfilifaya su sa ta ƙugi da zafi, su kuma ratsa har cikin sifika su fito kamar kukan ƙudan zuma a bayan kowace waƙa. Ƙwan fitila da dutsen guga ba ruwansu, amma kayan sauti ba su jurewa. Babu tacewa ko tsadaddiyar waya da za ta gyara wannan yadda ya kamata. Idan inbatar gidanku mai matakala ce, kada ku jona mata amfilifayar da kuke ji da ita.

Idan kuwa ta kirki ce, ku yi murna, domin sau da yawa wutarta ta fi ta NEPA da ta ƙaramin janareta tsabta. Ba ta hawa ta sauka da ƙarfin wutar unguwa, kai-komonta kuma yana tsaye a kan 50. Sai dai ku lura da abubuwa huɗu.

Na farko, inbatar da ke haɗe da layin NEPA, idan an kawo wuta, yawanci wucewa kawai take ba ta zuwa soket yadda ta zo. Da yawa suna da saiti biyu: ɗaya yana karɓar wuta daga bolt 90 har 280, ɗayan da aka sa wa UPS yana karɓa daga 170 kawai. Ku sa a saita muku na biyun, don kada rabin wuta ta isa kayanku.

Na biyu, akwai saitin tattalin wuta da ke sa inbata ta yi barci idan abin da aka jona ƙarami ne, tana farkawa lokaci-lokaci tana leƙawa. Kayan sauti masu ƙaramin ci sukan faɗa wannan tarko, sai ku ji suna ɗaukewa suna dawowa da ƙas-ƙas. A kashe wannan saitin.

Na uku, amfilifaya mai babbar taransifoma, musamman mai zagaye kamar gammo, tana fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko da aka kunna ta, ninki da yawa na cinta na kullum. Ƙaramar inbata sai ta ɗauka gobara ce ta kashe kanta. Don haka ku bar sarari: kada inbata ta kasance daidai wa daida da lissafinku. Ku tuna kuma cewa a yawancin inbatoci na kasuwa, 1kVA bai wuce wat 800 ba.

Na huɗu, inbata tana da fanka, fankar kuma tana da ƙara. Wurinta daban, ɗakin sauraro daban.

Batir da abin da ke kashe shi

Batir mai bolt 12 da am-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2400 a takarda. Idan na darma ne, irin mai ruwa da ake kira tubula ko busasshen nan da aka rufe, rabi ne naku, wato 1200. Duk daren da kuka zuƙe shi ƙasa da rabi kun yanke masa kwanaki. Ga misalinmu na sama, sauraron awa 4 ya ci sulusin wannan rabon, kafin a zo fanka da fitila. Na litiyom irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 yana ba da kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ƙarfinsa kuma ba ya zubewa sai dab da ƙarewa. Tsadarsa a ranar saye take, arharsa sai an shekara uku ake ganinta. Mai bolt 51.2 da am-awa 100 ya ɗan haura yunit 5.

Babban maƙiyin batir a ƙasarmu zafi ne. Ana auna rayuwar batirin darma a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba ta biyu. Wanda ya ajiye batir a ɗakin kwano marar taga ya riga ya zubar da rabin kuɗinsa. A nema masa inuwa da iska. Mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita, saboda haka ba a kwana da shi a ɗaki, ba a kunna ashana kusa da shi, ba a kuma ƙara masa kowane ruwa sai tataccen ruwan batir. Kada ku haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wajen fanel, Allah Ya hore mana rana. A yankin Kano da Katsina da Damagaram ana lissafa awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini. Fanel mai wat 400, bayan an cire asarar zafi da waya da caji, zai iya tara kusan yunit ɗaya da rabi. Wato fanel ɗaya ya ishi kayan sautin misalinmu har da ragi. Da hunturu dai ƙura takan rufe gilashin ta rage abin da yake bayarwa, sai a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Idan ƙugi ya shigo

Wannan shi ne wurin da matasa suka fi asarar kuɗi, domin da an ji ƙara sai a ruga kasuwa neman abin saye. Ku tsaya tukuna. Ƙara kala-kala ce, kowace kuma tana faɗin inda ta fito ga wanda ya kasa kunne.

Ku cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ku bar na sifika da na wuta kawai, ku kunna. Idan ƙugin daga cikin akwatin amfilifayar yake fitowa, ba daga sifika ba, taransifoma ce ke rawa, kuma sau da yawa laifin na wutar da ake ba ta ne. Ku gwada ta a wani gida mai inbatar kirki. Idan ta yi shiru a can, kun san mai laifi.

Idan shiru ne har sai da kuka jona talabijin ko dikoda ko kwamfuta, sannan wani gurnani mai kauri ya taso, to na'urorin biyu sun sami hanyar ƙasa fiye da ɗaya, wuta ƙarama tana zagaye tsakaninsu ta cikin wayar sauti. Sau da yawa wayar dish ce ke kawo shi. Ku cire ta ku ji. Maganinsa shi ne a jona duk kayan sauti a soket ɗaya, a ɗauko sautin talabijin ta wayar haske, wadda ba ƙarfe a cikinta balle wuta ta bi, ko a sa 'yar na'urar raba ƙasa a kan wayar dish. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ranar da waya ta gutsure a ciki ta taɓa jikin akwatin, jikin wanda ya taɓa shi ne zai zama hanyar ƙasa.

Idan ƙarar siririya ce kamar tsaki ko shuuu, tana ƙaruwa da tsakar rana tana ɓacewa bayan magariba, na'urar da ke tsakanin fanel da batir ce. Ko MPPT ce ko PWM, aikinta datsa wuta ne da sauri, datsawar kuma tana watsuwa a iska da cikin waya. Dattawan da ke kama BBC Hausa a gajeren zango su suka fara gane wannan, domin rediyonsu na cika da hayaniya da an kusanci inda take. A nisanta ta da kayan sauti, a murɗe wayar ja da baƙa ta batir tare su tafi a manne, a gajarta su, a sa musu zoben nan baƙi mai kama da maganaɗisu da ake gani a wayar tsofaffin kwamfutoci. Wayar sauti kada ta kwanta a jere da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna.

Idan ɗas ɗaya kuke ji lokaci-lokaci, ku lura ko daidai lokacin ne firji ko famfon tura ruwa ya tashi. Sai a ja wa kayan sauti layinsu daban daga akwatin rarraba wuta. Ku kuma zargi cajar waya mai araha da ƙwan fitila marar suna, ku riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta ɗauke.

Akwai kuma tarbiyyar kunnawa. Amfilifaya ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa, ƙara kuma a ƙasa. Idan inbata ta fara kukan batir ya yi ƙasa, ku kashe da hannunku kafin ta yanke, domin bugun da sifika ke yi a yankewar bazata yana iya ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Hanyar da ba inbata

A cikin kowace amfilifaya, abin da ake fara yi wa wutar soket shi ne a mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir. Ke nan mai sola yana juya wuta sau biyu, yana asara a kowane juyi. Ana iya tsallake wannan. Amfilifayar mota an yi ta ne don bolt 12. Akwai kuma ƙananan 'yan ajin D da suka cika kasuwa, da yawansu an gina su a kan ƙwayar TPA3116 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. Irin wannan, da ƙaramin batir nata na kanta, tana iya yin dare tana aiki da abin da babbar inbata ke ci a zaune.

Amma hanyar tana da ramuka. Batirin da ake kira mai 12 yana kai 14.4 lokacin caji, mai 24 yana kai 28.8, wanda ya haura iyakar ƙwayar da na ambata. Mai 48 yana wuce 56. Ku duba iyakar na'urarku ku gwada da ƙarfin batir a tsakar rana, ba da sunansa ba. Sannan bolt 12 kai tsaye ba zai ba da fiye da wat 18 ba a sifika mai om 4, rabin haka a mai om 8, ko me aka rubuta a kwali. Ga ɗaki ya isa, ga taron biki bai isa ba. Idan kuma batirin da ake caji da shi ne kuke ja kai tsaye, hayaniyar na'urar caji tana da hanya miƙaƙƙiya zuwa kunnenku.

Mafi girma duka, batir bai san wasa ba. Bolt 12 ba zai ja mutum ba, amma idan waya biyu suka haɗu, ɗaruruwan am za su bi ta ciki ta yi ja ta kama katifa. Dole a sa fis dab da kan batir, a yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe na gaske, abin katse wuta kuma ya kasance wanda aka yi don wutar batir, domin na wutar soket ba lallai ya iya kashe tartsatsinta ba. Ku cire zobe da agogo kafin ku sa sifana.

Kayan gwanjo

A Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas ana samun tsofaffin kayan sauti masu nagarta a farashin da sabo ba zai zo kusa ba. Ku karanta bayansu kafin ku biya. Na Turai 230 ne da 50Hz, sun dace da mu. Na Amurka 120 ne da 60Hz, na cikin gidan Japan kuma 100. Wanda ya cusa ɗayan waɗannan a soket ɗinmu zai ga hayaƙi kafin ya ji waƙa. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt, amma ba ta taɓa yawan kai-komo. Ga amfilifaya wannan yawanci ɗan ƙarin zafi ne. Ga garmaho mai injin da ke bin kai-komon wuta kuwa, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti zai koma kusan 28, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja ƙafa. Wanda ya gaji faya-fayan iyayensa ya nemi garmahon Turai, ko irin su Technics SL-1200 MK2 da ke riƙe gudunsu da kansu. Ku kuma kai tsohuwar amfilifaya wurin mai gyaran rediyo ya duba manyan kwandensa, domin idan sun bushe ƙugi suke yi ko da wutar ta fi madara tsabta.

Ƙasa da tsawa

Gidaje da yawa an ja musu waya biyu kawai, ramin soket na uku ba a haɗe yake da komai ba. Wasu inbatoci kuma, idan suna kan batir, suna barin layin dawowa yana lilo, har ku ji jikin amfilifaya yana ɗan cizo idan kun shafa. Wannan ba aikin gwaji ba ne. Ku kira ƙwararren mai aikin wuta ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai damshi, ya haɗa ta da inbata da ƙarafan fanel da soket, ya daidaita layin dawowa yadda littafin inbatar ya ce, ya sa abin katsewa mai lura da zubar wuta, irin mai 30mA. Ya kuma sa abin tare bugun tsawa a ɓangaren fanel da na soket. Duk da haka, idan hadari ya haɗo da damina, ku zare fulogi da wayar dish. Kuɗin wannan aiki gaba ɗaya ya fi amfani fiye da tsadaddun wayoyin da ake cewa suna ƙara wa sauti zaƙi.

Haƙƙin gida, maƙwabci da kunne

Batirin gida na kowa ne. Fankar mahaifiya a daren bazara, firjin da aka ajiye magani, fitilar ƙanin da ke shirin jarrabawa, duk suna gaban waƙarku. Idan lissafi ya nuna ba zai kai asuba da ku da su ba, ku ne za ku haƙura, ko ku tara ku sayi naku ƙarami. Kada kuma ku ci bashi don sha'awa. Da sannu ake tara kayan kirki, ɗaya bayan ɗaya.

Ku sani kuma, da can ƙarar janareta tana rufe ta kowa. Yanzu da unguwa ta yi tsit, sautinku yana tsallake katanga uku, musamman mai kaurin nan da ke bin bango. Akwai marar lafiya, akwai mai jego, akwai mai tashi sallar dare. Idan an kira salla a kashe, idan dare ya yi a rage. Maƙwabcin da ya yi shiru ba lallai ya yafe ba.

Kunnenku ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyakar desibel 80 na awa 40 a mako ga babba. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Idan sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa. Idan kun kashe kuka ji kunne na ƙara shi kaɗai, gargaɗi ne, jin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa. Kayan kirki a ƙaramar ƙara ake gane su, lokacin da kowane kiɗa ya fito daban ba tare da an matsa musu ba.

Saboda haka ku bi abin daki-daki. Ku auna cin kayanku, ku tabbatar da inbata mai wuta sumul, ku gyara wayar gida da ta ƙasa, ku sama wa batir inuwa, ku janye sifikoki daga kusurwa ku daidaita su da wurin zamanku, wanda wannan kyauta ne. Sai bayan nan ku yi maganar ƙarin kaya. Wanda ya bi wannan hanya da hannunsa da 'yar mitarsa zai wayi gari ya san lissafin batir, ya san gano ƙugi, ya san haɗa fis da waya, a lokacin da kowace unguwa ke neman wanda ya iya aikin sola da gaskiya. Ku je wurin masu sana'ar ku durƙusa ku koya, ku yi tambaya ba kunya. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku da gidajenku daga gobara da asara.